Jaki Ba Daƙiƙi Ba Ne

Yau kan jaki za mu yi magana. Eh, jaki dai da kuka sani.

Ina yaro, ni ake turawa kai taki gona da jakin kakana. Wata rana muka iso bakin wani rafi, ya kafe, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Na yi ta jibgar sa har hannuna ya gaji. Da na leƙa, ashe ruwa ya cinye ƙasan wurin. Da mun taka, da mun rufta har da mangalar.

To abin da muke kira taurin kai ke nan. Doki in ya tsorata sai ya zura da gudu. Shi jaki tsayawa yake yi cak, sai ya gamsu babu haɗari sannan ya ɗaga ƙafa. Kuma yana da ɓoye ciwo. Za ka ga akumari ya yi masa gyambo a baya, amma yana ta aiki shiru. Don haka in ka ga ya sunkuyar da kai ya ƙi cin abinci, duba shi, wataƙila ciwon ya yi nisa.

Asalinsa ɗan Afirka ne. Daga jakin daji na arewa maso gabashin nahiyar nan aka samo shi, kimanin shekara 7,000 da suka wuce. Shi ya sa yake jure zafi da ƙishi, kuma kara da busasshiyar ciyawa ma suna riƙe shi. Manyan kunnuwan nan suna taimaka masa wajen jiyo sauti daga nesa da fitar da zafin jiki. In aka haɗa shi da goɗiya sai a samu alfadari, wanda galibi ba ya haihuwa.

Da jakuna fatake suka riƙa zuwa Gwanja sayo goro. Har yau su ke kawo ruwa, itace da yashi a inda mota ba ta shiga.

Amma ga matsalar. Ana yanka su saboda fata, a kai Sin a dafa ta a yi wani maganin gargajiya. Ita kuwa jaka kusan wata 12 take ɗauke da ciki, kuma yawanci ɗa ɗaya take haifa. Ka ga yanka ya fi haihuwa sauri. Nijar ta hana fitar da jakuna a 2016, sannan a Fabrairun 2024 Tarayyar Afirka ta amince a haramta yanka su don fata.

In jaki ya yi tsada, wa zai ɗauki tulun? Mata da yara, a ka.

Saboda haka in kana da shi, rage masa kaya, ba shi ruwa da inuwa, ka ajiye sandar nan. Ku faɗa mini, a garinku har yanzu ana ganin jakuna kamar da? Sai mun haɗu a shiri na gaba.