Ina Za Mu Ajiye Mota?

A Sabon Tasha, nan Kaduna, motoci sun yi wa layukanmu yawa. Bara da damina naƙuda ta kama matar maƙwabcinmu da tsakar dare, ga shi wani baƙo ya tare bakin ƙofarsu da motarsa, ya tafi ya kwanta. Sai da muka buga gida biyar kafin muka same shi. Ta haihu lafiya, amma a hanyar asibiti.

Washegari magidanta muka zauna muka yi shawara. Kowa ya ajiye a gefe ɗaya, domin tankar ruwa ta sami wucewa. Ba a tsayawa a kwana, ko bisa murfin lambatu, gama idan ya rufta ruwa cikin ɗakunanmu yake shiga. Wanda ya yi baƙo kuwa, makullin motar a hannunsa zai kwana.