Tsiron magani a ƙasa mai guba: taimakon ƙwayoyin saiwa da inda ƙarfinsu ya tsaya

Gaya na cikin yankunan da suka fi samun ruwan sama a Nijar, shi ya sa zogale, bagaruwa, sabara da tafasa ba su da wuyar samu, daga garaken bakin kogin Isa har dajin da ke kan hanyar Kamba. Mai neman ganyen magani kan duba kore da ƙoshin tsiro kafin ya tsinka. Sai dai binciken masana ya nuna ganye na iya yin kore shar alhali da guba a cikinsa.

Gubar da ake nufi ita ce ta ƙarafa masu nauyi, irin su dalma, zaiba da kadmiyom. Sukan shiga ƙasa ta tsofaffin batura, baƙin man gareji, tokar juji da ƙurar haƙar zinariya. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina amfani da fetur mai dalma a 2006, amma dalmar da ta riga ta zuba a gefen manyan hanyoyi ba ta ruɓewa. A Zamfara, a 2010, ƙurar dalma ta kashe yara aƙalla 400.

Tsiron da ya tsinci kansa a irin wannan ƙasa yakan tsumbure, saiwarsa ta daina miƙewa, ganyensa ya yi ɗorawa. A nan ne wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, wato bakteriya masu zama a jikin saiwa, ke kawo ɗauki. Manomi ya san danginsu: su ne ke cikin ƙulle-ƙullen da ake gani a saiwar wake idan an tuge shi.

Idan tsiro ya ji wuya, yakan fitar da wani sinadari, etilen, wanda yawansa ke tsayar da girman saiwa. Wasu bakteriya na cinye abin da tsiron ke haɗa etilen da shi, sai saiwa ta ci gaba da nutsawa. Wasu na jawo wa tsiron sinadarin ƙarfe da yake buƙata don yin kore. Wasu kuma na riƙe gubar a jikinsu, kaɗan ce ke kaiwa ga saiwa.

Amma ba kullum ake samun wannan kariya ta ƙarshe ba. A 1998, Bernard Glick da abokan aikinsa na jami'ar Waterloo a Kanada sun gwada wata bakteriya da aka samo daga gurɓatacciyar ƙasa kusa da Sudbury. Tsiron da aka sa wa ita ya jure gubar nikel, ya girma, amma yawan nikel ɗin da ke jikinsa bai ragu ba. Akwai ma bakteriyar da ke ƙara wa tsiro zuƙar guba, wadda ake amfani da ita wajen tsabtace gurɓatattun filaye. Irin wannan tsiro ba na ci ba ne, ba na jiƙo ba.

Wanki na fitar da ƙurar da ke kan ganye, amma ba ya taɓa dalmar da ta shige ciki, tafasawa ma ba ta kashe ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu adadin dalma da aka san ba ya cutarwa, kuma ƙananan yara da mata masu juna biyu ne suka fi shiga haɗari.

Saboda haka mai tsinkar magani ya nisanci bakin gareji, juji da tashar manyan motoci, mai saye a kasuwa kuma ya tambayi inda aka samo ganyen. Mai garka ya riƙe takin dabbobi da ya ruɓe, domin yana ciyar da ƙwayoyin saiwa, yana kuma ɗaure wani kaso na gubar. Wanda ke shakkar filinsa na iya neman ma'aikatan gona su haɗa shi da cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, don a auna ƙasar kafin ya shuka.