Idan Yaron Shago Ya Rikice Cikin Dare

Duk mai fatauci tsakanin Garwa da Mora ya san yaron shago ko ɗan acaɓa da ƙwayar tiramol ta juya wa kai, ko wanda harin Boko Haram a Kolofata a 2014 ya hana barci har yau. Mu kuwa da abin ya tashi, sai mu nemo sarƙa.

Ma'aikacin jinyar da aka tasa da waya tsakar dare ba haka yake yi ba. Yakan sallami 'yan kallo, ya kawar da wuƙaƙe, ya zauna ya saurara kafin a yi maganar allura, domin asibitin Jamot na Yawunde ba nan kusa ba ne.

Alhaji, in ka kira shi, faɗa masa abin da yaron ya sha, da ranar da barci ya ƙaurace masa.