Haƙƙin Ɗaurarre na Ganin Likitan Haƙori

Mutumin da ke da sakewarsa a birnin Katsina, in haƙori ya hana shi barci, da gari ya waye sai ya nufi asibiti, ko ya nemi wanzami. Amma wanda ke tsare a gidan yari ba shi da ikon ko ɗaya, sai abin da masu tsaronsa suka yi masa. To, a nan maganar haƙƙi ta taso: hukumar da ta hana mutum fita neman magani, lalle ita ce nauyin nema masa ya hau kanta.

Kada mai karatu ya ɗauki ciwon haƙori ƙaramin abu. Ruɓewa takan fara daga bayan haƙori, ta ci har ta kai jijiya, sa'an nan mugunya ta taru a gindinsa. In aka yi sakaci, kumburi ya bi muƙamuƙi ya sauka wuya, har ya iya toshe numfashi. Tun ba a kai ga haka ba ma, wanda ba ya iya tauna ba ya cin abincin kirki, sai ya rame.

A da, gidan yarin Katsina yana hannun En'e ne, kamar yawancin na ƙasar Hausa. Cikin 1968 Gwamnatin Tarayya ta karɓe su, cikin 2019 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta mai da su gidajen gyaran hali. Saboda haka a wajen Gwamnati ne ɗaurarre zai nemi haƙƙinsa.

Haƙƙin nan kuwa a kan ginshiƙi uku ya tsaya. Na farko, sashe na 34 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana azabtar da mutum ko wulaƙanta shi, bai kuwa ware ɗaurarre ba. Na biyu, sashe na 16 na Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan Adam ya ba kowa haƙƙin lafiya, Nijeriya kuwa ta mai da ita dokar ƙasa tun 1983. Na uku, ƙa'idodin tsare fursunoni da Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsara a Janiba cikin 1955 sun ambaci haƙori da sunansa. Da aka sabunta su cikin 2015 aka sa musu sunan Nelson Mandela, ƙa'ida ta 25 ta sake cewa kowane fursuna ya sami ƙwararren likitan haƙori, ta 24 kuma ta ce kyauta za a yi masa magani, daidai da na mutanen waje.

Sai dai ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Ƙa'idodin Mandela ma'auni ne, ba doka ce da alƙali zai tilasta da ita kaɗai ba. Biyun farko su ake kai ƙara da su. An kuwa gwada: a shari'ar Odafe, wasu tsararru masu ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau suka kai Gwamnati ƙara a Babbar Kotun Tarayya ta Fatakwal, cikin 2004 kotu ta ce hana su magani ya saɓa wa doka. Ba kan haƙori aka yi shari'ar ba, amma hujjar ɗaya ce.

Abin da ya rage shi ne aiki: a duba bakin mutum ran da aka shigo da shi, a ba shi asuwaki ko buroshi, in ciwo ya fi ƙarfin ɗakin magani na gidan a kai shi Babban Asibitin Katsina ko Asibitin Koyarwa na Tarayya ba da jinkiri ba. A tuna kuwa, fiye da rabin tsararrun Nijeriya jiran shari'a suke yi, ba a kama su da laifi ba tukuna. Wanda aka yanke wa hukunci ma, ɗauri alƙali ya rubuta masa, bai rubuta masa asarar haƙora ba.