Hayar Gida a Abuja: Me Ke Tura Iyalai Gefen Gari, Kuma Me Suke Biya a Madadi?

Magidancin da aiki ko kasuwanci ya kawo shi Abuja, ya kuma ƙudiri ɗauko iyalinsa daga Kano, Katsina ko Gusau, tambayar farko da yake yi wa dillali ita ce nawa ne a shekara. Amsar da ya ji ita ke zaɓa masa unguwa. Shi ya sa yawancin sababbin zuwa ba sa sauka a Garki, Wuse, Maitama ko Asokoro. Kubwa suke nufa, ko Dutsen Alhaji, Lugbe, Kuje da Gwagwalada, wasu ma su tsallake iyakar Babban Birnin Tarayya zuwa Mararaba da Masaka a Jihar Nasarawa, ko Suleja da Madalla a Jihar Neja. Sai dai kuɗin haya ɓangare ɗaya ne kawai na abin da unguwa ke karɓa daga iyali. Sauran a kan hanya ake biyan shi, da wajen ruwa da wuta, da kuma tarbiyyar yara.

Tushen matsalar

Tun daga fasalin birnin aka fara. Gwamnatin Janar Murtala Muhammad ce ta kafa dokar samar da sabon babban birni a 1976, aka kammala taswirarsa a 1979, gwamnati kuma ta tare a ranar 12 ga Disamba, 1991. Taswirar ta tattara ma'aikatu, Majalisa da manyan ofisoshi a tsakiyar gari. Filayen da ke kewaye da su a hannun gwamnati suke, kuma galibi masu hali ne suka same su, suka gina gidajen da sai mai hali ke iya haya. Masinja, direba, malamar asibiti da ƙaramin ɗan kasuwa, waɗanda birnin ba ya motsi sai da su, ba a tanadar musu isassun gidaje kusa da wurin aikinsu ba. Rusau ɗin da aka yi tsakanin 2003 da 2007, lokacin Malam Nasiru El-Rufa'i yana Ministan Abuja, ya kawar da unguwanni da dama da aka gina ba bisa taswira ba, mazaunansu kuma suka ƙara matsawa waje.

A lokaci guda jama'a ba su daina kwararowa ba. Bayan masu neman aiki da kwangila, rikicin Boko Haram a arewa maso gabas da na 'yan bindiga a Zamfara, Katsina, Kaduna da Neja sun sa mutane da yawa kwaso iyalansu, har da waɗanda da can sun gwammace su bar su a gida. Masu neman ɗaki sun fi ɗakunan yawa, mai gida kuwa ya san da haka.

Sai kuma tsarin biyan hayar kansa. Albashi wata-wata ake karɓa, amma haya ta shekara guda ake nema a dunƙule, wani mai gidan ma sai ta shekara biyu. A kan wannan ake ɗora la'adar dillali, wadda aka saba da kashi 10 cikin 100, da kuɗin lauya kwatankwacin haka, da kuɗin ajiya saboda ɓarna. Gidan naira miliyan ɗaya ya koma miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu ke nan tun ba a zo kan kuɗin ajiya ba. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne, wato 840,000 a shekara ko da ba a taɓa sisi ba. Faɗuwar darajar naira daga 2023 ta ɗaga farashin siminti da rodi, masu gidaje kuma suka riƙa kafa hujja da hakan suna ƙara haya, har a kan tsofaffin gine-gine.

Inda rarar ke zurarewa

A da, lissafin zama a gefen gari yana fita: haya da sauƙi, mota da arha. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya rushe wannan lissafin. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, kuɗin mota ya bi ta. A ɗauki misalin ma'aikacin da zuwa da dawowa ke ci masa naira 2,000 a rana. A kwanakin aiki 22 ya kashe 44,000, a shekara 528,000. Idan uwargida ma tana fita aiki, yara kuma sai an sa su a mota zuwa makaranta, abin da aka rage a haya yana iya ƙarewa tun shekara ba ta raba ba.

Lokaci ma kuɗi ne da ba a rubuta shi a takardar yarjejeniya. Duk wanda ya san hanyar Keffi zuwa Abuja ya san cunkoson Mararaba da Nyanya safe da yamma, haka hanyar Kubwa da ta filin jirgin sama. Akwai magidantan da ke fita da idar da sallar asuba, ba su dawowa sai bayan isha'i. Yara suna barci ya tafi, suna barci ya dawo. Duba littafin makaranta, bibiyar karatun Islamiyya, sanin abokan da yaro ke yawo da su, kai mara lafiya asibiti, duk sun koma kan uwa ita kaɗai, a garin da ba ta da uwa ko 'yar'uwa a kusa. Wannan ita ce asarar da ta fi kowace nauyi, kuma ita aka fi mantawa da ita ranar biyan kuɗi, domin sau da yawa maigida shi kaɗai ya je ganin gidan.

Ruwan famfo daga madatsar Usuma bai isa unguwannin gefe da yawa ba, sai rijiyar burtsatse ko 'yan ga-ruwa, kuma gida mai ƙananan yara ba ya wasa da ruwa. Wuta ma ta rabu rukuni-rukuni. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin 'yan rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, zuwa naira 225 kowane ma'auni. Mai haya zai faɗa ɗaya cikin biyu: wuta mai tsada, ko ƙarancin wuta da sayen man janareta. Ga batun tsaro, garkuwa da mutanen da aka yi a yankin Bwari a farkon 2024 ta nuna cewa gidan da ke bakin daji arharsa na da dalili. Ambaliyar da ke maimaituwa a wasu sassan Lugbe da Lokogoma ita ma darasi ce ga mai kama gida da rani bai tambayi yadda wurin yake da damina ba. Araha dai ba ta ado.

Wasu kuwa sun ga ba za su iya ba, suka raba gida biyu. Iyali suna Kaduna, Zariya ko Kano, maigida yana kwana a ɗaki guda a Abuja, ya tafi ranar Juma'a ya dawo Lahadi. Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 ya sauƙaƙa hakan, amma tukunya biyu ake ɗorawa, yara kuma suna tashi da uban ƙarshen mako.

Alherin gefen gari

Ba adalci ba ne a ce zaman waje duk wahala ne. Kayan abinci sun fi sauƙi a kasuwannin Suleja, Zuba, Dei-Dei da Mararaba. Ana samun gida mai tsakar gida da zaure, abin da ke da muhimmanci ga iyalin da ba su saba haɗa banɗaki da kicin da baƙi ba. Suleja masarauta ce da tushenta ke Zazzau, don haka matar da ta zo daga Arewa za ta tarar da harshenta, da Islamiyya, da maƙwabtan da za su shigo barka ko gaisuwa. Ga wanda sana'arsa ke kasuwar katako ta Dei-Dei ko tashar Zuba, zama a can shi ne daidai. Matsalar tana tasowa ne idan wurin kwana yana gabas, wurin aiki yana yamma.

Abin da ya kamata a auna

Kafin a biya, a haɗa lissafin shekara gaba ɗaya: haya, la'ada, kuɗin mota na kowa a gidan, ruwa, wuta da makaranta, sannan a kwatanta unguwa da unguwa. Ƙaramin gida kusa da aiki yakan fi babba mai nisa sauƙi idan an tara. A bi hanyar da safiyar Litinin don a ga gaskiyar cunkoson. A tambayi masu haya na gidan, ba dillali kaɗai ba, game da ruwa, mita, magudana da halin mai gida. A tabbatar wanda ke karɓar kuɗin shi ne mai gidan ko wakilinsa na gaskiya, a kuma karɓi rasit da yarjejeniya a rubuce. Uwargida ta ga gidan da idonta, tun da ita za ta wuni a cikinsa. In da hali, maigida ya riga iyali zuwa da 'yan watanni, ya san garin kafin ya ɗaure kansa da hayar shekara.

Dabarar magidanci tana da iyaka. Jirgin ƙasan cikin gari da aka buɗe a 2018, ya tsaya a 2020, aka farfaɗo da shi a 2024, bai bi ta Nyanya da Mararaba ba, inda ɗimbin ma'aikata ke kwana. Muddin ba a samar da motocin haya masu yawa da arha a waɗannan hanyoyi ba, ba a kai ruwa garuruwan kewaye ba, ba a kuma sassauta biyan hayar shekara a dunƙule ba, ƙaramin ma'aikaci zai ci gaba da zaɓar gida da abin da ke aljihunsa a ranar biya, matarsa da 'ya'yansa su ɗauki sauran nauyin har shekara ta zagayo.