Ko Kwalliyar Dawisu Tana Biyan Kuɗin Sabulu?

Bahaushe ya tanadi kalmomi iri biyu game da ci gaban abu mai rai. Akwai waɗanda ke nuna ƙaruwa ta haƙiƙa, kamar tofo da yabanya da haɓaka da bunƙasa. Akwai kuma waɗanda ke nuna abin da ido yake gani, kamar ado da ƙawa da kwalliya, har zuwa taƙama da fankama. Idan aka ce shuka ta yi yabanya, yabo ne. Idan kuwa aka ce mutum ɗan fankama ne, ana nufin abin da yake nunawa ya fi abin da yake da shi. Masana kimiyyar halittu sun shafe fiye da shekara 150 suna tambayar ko adon da ake gani a jikin dabbobi shaidar bunƙasa ce, ko kuwa fankama ce kawai. Tsuntsun da ya jawo wannan muhawara shi ne dawisu.

Asalin dawisu shuɗi ƙasashen Indiya da Siri Lanka ne. Namijin ne yake da doguwar jelar nan mai zane kamar idanu, tamatar kuwa launinta kusan na ƙasa ne. Abin da ake kira jela gashin gadon baya ne da ya yi tsawo har ya kai mita ɗaya da rabi, ainihin jelar tana ƙarƙashinsa tana tallafe da shi. Wannan gashi ba ya cika sai tsuntsun ya kai kimanin shekara uku. Kowace shekara kuma, da zarar lokacin barbara ya wuce, sai ya zube, jiki ya sake tofo da sabo. Wato dawisu yana kashe abinci da ƙarfi a kan abin da ba ya ci da shi, ba ya kuma kāre kansa da shi.

Wannan al'amari ya dami Charles Darwin, masanin nan na ƙasar Ingila. A shekarar 1859 ya bayyana ra'ayinsa cewa siffofin da ke taimakon dabba ta rayu su ne suke wanzuwa a zuriyarta. To, wane taimako jelar dawisu take yi? A wata wasiƙa da ya rubuta a 1860 ya nuna cewa ganin gashin dawisu ma ɓata masa rai yake yi. Sai a 1871 ya kawo amsa: matan ne suke zaɓe. Namijin da ya fi ado shi ya fi samun mata, saboda haka 'ya'yansa suka fi yawa, su kuma suka gaji adon ubansu.

An daɗe ba a jarraba wannan ra'ayi a fili ba. A 1982 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Malte Andersson, ya yi gwaji a Kenya da wani baƙin tsuntsu na cikin ciyawa wanda jelar namijinsa ke kai rabin mita. Ya kama maza 36 ya raba su gida huɗu. Ya datse jelar rukuni na farko, ya liƙa guntayen a jelar rukuni na biyu ta ƙara tsawo. Rukuni na uku ya yanke jelarsu ya mayar yadda take, na huɗu bai taɓa tasu ba. Amfanin rukunan biyu na ƙarshe shi ne a tabbatar cewa ba kamun ko yankan ne ya kawo bambanci ba. Da aka ƙirga sababbin sheƙuna a yankin kowane namiji, sai aka tarar masu jelar da aka ƙara wa tsawo sun fi kowa samun mata.

Sai dai sauran tambaya: me macen take samu daga wannan zaɓi? A 1975 Amotz Zahavi na ƙasar Isra'ila ya ce tsadar adon ita ce amfaninsa. Tsuntsu mai yunwa ko mai ciwo ba zai iya fitar da cikakken gashi mai sheƙi ba, don haka ado mai tsada yana da wuyar yin jabu. A 1982 William Hamilton da Marlene Zuk suka ƙara da cewa hasken launi na iya nuna cewa namijin ya fi ƙarfin cututtuka. Daga baya Zuk ta gwada haka da kajin daji, waɗanda su ne kakannin kajin gida. Zakarun da aka sa wa tsutsar ciki tun suna 'yan tsaki sun tashi da ƙaramin zanko mai dusasshen launi, kaji kuma suka fi karkata ga masu lafiya. Shi kansa dawisu, Marion Petrie ta nuna a 1994 a Ingila cewa 'ya'yan mazan da suka fi ƙayataccen gashi sun fi saurin girma, sun kuma fi jure rayuwa bayan an sake su a fili. A nan dai kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Amma zancen bai ƙare nan ba. A 2008 wasu masana a Japan, bayan nazarin shekara bakwai, sun ba da rahoton cewa matan dawisun da suka lura da su ba su fifita masu yawan idanu ba. A 2011 Roslyn Dakin da Robert Montgomerie na Kanada suka gano cewa manyan maza kusan adadin idanunsu ɗaya ne, amma idan aka cire wa namiji kimanin 20 sai kasuwarsa ta faɗi. Wannan ya nuna cewa macen tana ƙin mai naƙasassshiyar jela, sa'an nan ta dubi wasu abubuwa, kamar sheƙin launi. Haka kimiyya take tafiya, gwaji na baya yana gyara na gaba.

Ɗalibi ba ya bukatar zuwa Indiya kafin ya ga wannan darasi. Jan gwada da ke kan katangar makaranta, shi ne namijin ƙadangaren da ya mallaki wurin. Jan kansa da gyaɗa kan da yake yi sanarwa ce ga sauran maza da kuma mata. Da damina ma akwai ƙananan tsuntsayen da mazansu ke yin ja wur a gonakin gero da fadamu, idan rani ya shigo su koma launin matansu. A gona kuwa ana iya ganin akasin haka: tumatirin da aka cika wa takin yuriya yakan yi ganye kore shar, amma ya yi jinkirin fure, 'ya'yansa su yi kaɗan. Ido zai ce ya bunƙasa, kwando kuma ya ce fankama ce.

Malamin kimiyya zai iya ba ɗalibansa aikin mako biyu: su zaɓi katanga ɗaya, su ƙirga jan gwada nawa ne a kanta da mata nawa ke tare da kowanne, su rubuta lokacin da launin kansa ya fi haske, da safe ne ko bayan ya sha hantsi. Daga nan sai su kwatanta abin da suka samu da na 'yan wani ajin, su ga ko sakamakonsu ya zo ɗaya.