Tace Bayanai: In Rariya Ta Hana Gari Wucewa

A ce wani ƙaramin asibiti a Mabera, cikin birnin Sakkwato, ya ajiye babban littafin rajista ya koma kwamfuta. Sunayen marasa lafiya suna cikin rumbun bayanai, manhajar kuma da Django aka gina ta, wato tsarin gina shafukan intanet da harshen Python. Adrian Holovaty da Simon Willison ne suka faro shi a 2003, a wani gidan jarida da ke Lawrence ta jihar Kansas a Amurka, aka sake shi ga kowa a 2005.

Mai rajista ba ya son ganin sunaye dubu a lokaci guda. Mutanen Runjin Sambo kaɗai yake nema, ko waɗanda suka zo jiya. Umarnin filter shi ne rariyar da ke wannan tankaɗe.

Kuskuren da ke ihu ba shi da wuyar magani. In mai rubuta manhaja ya nemi "ungwa" alhali sunan gurbin "unguwa" ne, Django zai tsaya cik ya ce FieldError, har ya jero sunayen gurabun da ya sani. Haka in yana son sunan unguwa daga wani teburi, amma ya sa ɗan layin ƙasa guda ɗaya maimakon biyu: unguwa__suna ake rubutawa. Shi kuwa umarnin get mutum ɗaya tak yake kawowa. In ya tarar da Aminu Bello biyu sai ya ƙi aiki, alhali a Sakkwato masu wannan suna sai a cika mota da su. Filter ne na wurin.

Kuskure mai ban tsoro shi ne wanda ya yi shiru. Shafi ya buɗe lafiya lau, babu ko suna ɗaya, mai rajista ya ce wa tsoho, "Baba, babu sunanka," ga shi kuwa riƙe da katinsa. Sau da yawa haruffa masu lanƙwasa ne sanadi. Wurin kwamfuta, D da Ɗ ba su haɗa dangi ba. Ko jami'ar garin, wadda aka kafa a 1975, Danfodiyo take rubutawa, Bahaushe kuwa Ɗanfodiyo. Akwai iexact da ke kau da kai ga bambancin babban baƙi da ƙarami, amma a SQLite, rumbun da Django ke farawa da shi, haruffan Turanci kawai ya sani. Ƙ da ƙ baƙin juna ne a wurinsa. A ganina gyaran da ke ɗorewa tun wurin shigarwa yake: a ajiye sunan yadda mai shi ke rubutawa, a buɗe gurbi na biyu da aka mayar da shi ƙananan haruffa marasa lanƙwasa, a riƙa nema a can.

Sai agogo. Sabon aikin Django kan agogon UTC yake zuwa, Nijeriya kuwa tana gabansa da awa 1. Matar da aka kawo haihuwa ƙarfe 12:30 na dare sai ta faɗa lissafin jiya. A fayil ɗin saiti ake gyarawa, a mayar da TIME_ZONE zuwa Africa/Lagos, sannan a sake tace ranar a ga ko sunanta ya fito.